Yaran da Ba Su Shiga Kayen Likita Ba

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka ba ni wannan kaye, wato littafin rubutu, da biro, bik biyu, shuɗi da ja. Madam Jamila ce ta ba ni, matar nan da ke zuwa daga Magariya kan aikin likitocin ƙauye. Wai tunda ni kaɗai na iya rubutu cikin matan komitin likitar garinmu, ni ce sakatare. Na ce mata aji biyar kawai na yi a lakwal, makarantar boko, ta ce, “Nafissa, biyar ɗin ta isa.” Gaban kayen na komiti ne. Bayansa nawa ne, ban tambayi kowa ba.

Ga abin da ya kawo ta. Likitarmu, wato ƙaramin asibitinmu, ɗaki biyu ce da rumfa, ma'aikaci ɗaya tak, Mahdi, wanda muke ce wa Majo. Yanzu an samu ma'aikaciya ta biyu da za a turo yankinmu na Guci, amma garuruwa biyar ke so. Ran 28 ga wata manyan likita da mutanen meri, ofishin magajin gari, za su zauna su duba takardar kowane gari, wanda ya fi buƙata shi za a ba. Kafin nan, sai kowane gari ya auna likitarsa da kansa.

Gwaggo Tabawa mai ƙuliƙuli ta ce, “Da me za a auna ta, Madam? Da tiyar awon gero?”

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Sai da na ji muryata na tuna rabona da dariya ya wuce wata guda.

Na dawo ta bayan masallaci. Hanyar ta fi tsawo, amma ba ta bi ta ƙofar likita.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi

Na sake dama kunu ya yi yawa. Hannuna bai koyi sabon awo ba tukuna.

Da ke nake magana a nan, in ba ki gane ba. Kin san ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce ta fari, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, haka muka tashi muka tarar. Shekara biyu da wata huɗu “ke” nake ce miki, ko “yarinyar Inna”, kina amsawa da gudu. To a nan ma haka za mu yi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan azahar

An yi awon likita, kuma da gyaɗa aka yi!

Madam ta jera ƙwarya uku a gindin tsamiya, ta zana musu fuska da gawayi: mai dariya, mai shiru, mai ɓata rai. In ta yi tambaya, kowace mace ta jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya inda zuciyarta ta ce. Ana tarbar ku da kyau? Ana samun magani? Wurin da tsabta? Wata tsohuwa ta cinye nata tun ba a fara ba, ta miƙa hannu a ƙara mata, wai ta ɗauka sadaka ce.

Amma fa Majo yana zaune a benci dab da ƙoren, yana gaida kowa, “Sannu Iya, ya ƙafar?” Wa zai kalli idon mutum ya jefa masa gyaɗa a fuskar ɓacin rai? Mai dariya ta cika har tana zuba. Kakarki Inna, uwar babanki, ta ce da ƙarfi, don ya ji, “Yaron kirki ne, baƙonmu ne, ya baro uwarsa can Kwaya saboda mu.” Kuma gaskiya ta faɗa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce: in kun zo, kuna tarar da ƙofa a buɗe? Na tashi da gyaɗata a hannu, na je har gaban ƙoren, na dawo da ita. Na ƙulle ta a bakin zane.

Daga nan Madam ta karanta takardar Majo ta damina. Yaran da aka kawo, ɗari huɗu da wani abu. Waɗanda suka warke, kusan duka. Waɗanda suka rasu, sifiri.

Baba Maigari ya tafa. Madam ta ce da irin wannan takarda garinmu zai samu yabo, amma ma'aikaciya sai wani gari. Bai ji rabin na biyun ba, yana ta tafi.

Sifiri.

Na dawo ta bayan masallaci.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da safe

Na je taya Gwaggo Tabawa ɓarar gyaɗa. Muka yi ta ɓara. Can sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Na gidan Sarkin Aski. Tagwayen bakin rijiya, ɗaya daga ciki. Na Ɗela.”

Na ce, “Na ƴan magina, biyu.”

Kafin mu cika kwano ɗaya mun ƙirga yara bakwai da suka koma daminar nan. Ba ta faɗi ta gidanmu ba, ni ma ban faɗa ba.

Ba ƙarya Majo ya yi ba, wannan shi ne abin. Ƙaramin yaro in ya koma, kafin azahar an kai shi, maza sun wanke hannu sun tafi gona. A ce wa uwar ta yi haƙuri, Mai shi ya karɓi abinsa. Wa zai tashi ya je likita ya ce a rubuta? Ko kuka ma in ya yi yawa sai a ce kina jayayya da Allah.

Na kwance bakin zanena na nuna mata gyaɗar jiya. Ta karɓa, ta juya ta, ta jefa a baki.

“Wannan ba ta da amfani yanzu, Sakatare. Ɗauko bik ɗinki.”

Lahadi, 13 ga Oktoba, almuru

Na gaya wa babanki muna so mu bi gida-gida mu rubuta yaran da suka koma. Yana ɗaurin damin gero, ya daɗe yana jan igiya guda. Ya ce, “Mutane za su yi magana.” Na ce na sani. Ya ce, “To ki riƙa sa takalmi, akwai ƙaya a lungun magina.”

Shi ke nan iznin. Kin san shi.

Talata, 15 ga Oktoba, hantsi

Kwana arba'in da komawarki. Na toya masar sadaka, yaran unguwa sun cinye tas. Ba wanda ya tambaye ni ta mece ce.

Alhamis, 17 ga Oktoba, la'asar

Kwana biyu muna yawo. Ba a shiga gida a ce “yara nawa suka mutu muku”, sai a kore ki da muciya. Gaisuwa muke cewa mun zo. A shimfiɗa tabarma, a kawo fura, a tambayi kaka, a tambayi wake ko ya yi. Gida na biyar Gwaggo ta raɗa mini, “In aka sake ba ni fura, ni za ki rubuta a kayen nan.”

Ni ba na ma buɗe baki sosai. In suka ga kayen suka ga fuskata, su ke farawa. Ina rubuta sunan yaro, da na uwa, da ranar, da abin da ya kama shi, da ko an kai shi likita. In na fari ne, kaka ko maƙwabciya ke faɗin sunan, uwar ta juya kai.

Ɗela ce ta tsaya mini. Tana surfe, cikinta ya fito.

“Me za a yi da sunan wanda ya koma? Za su maido mini shi?”

“A'a.”

“To?”

Na dai dubi cikinta. Ta bi idona. Ta ci gaba da surfe kamar sau goma, sannan ta ce, “Hudaifa. Wata goma sha ɗaya. Na kai shi ran Laraba, ƙofa a rufe. Rubuta da kyau, kar ki ci masa harafi.”

Da za mu fita ta cusa mana ɗanyen wake a zane. Gwaggo ta ce wannan aikin komiti ya fi ƙuliƙuli riba.

Asabar, 19 ga Oktoba, azahar

Goma. Na ja layi na goma sha ɗaya na bar shi fari.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Baba Maigari ya aiko a kira mu zaurensa. Ashe har ya buga ƙusa a bango inda zai rataya takardar yabo.

“Ƴata,” ya ce mini, “na san abin da ya same ki, duk ya same mu. Amma a je gaban manya a ce a garinmu yara ke mutuwa? A kunyata baƙon da ke mana aiki? Ina laifin a yi shiru a karɓi abin arziki?”

Na sunkuyar da kai. Amma Gwaggo taubashiyarsa ce, tun suna yara take zolayarsa da gajartarsa.

“Kai Gajere, in zazzaɓi ya kama jikanka ran da Majo ba ya nan, sai a ciro takardar daga bango a jiƙa a ba shi?”

“Tabawa, ki kiyaye ni!”

“Ko tsalle za ka yi ka ciro ta? Wa ma ya buga maka ƙusar can sama?”

Dattawan da ke zaure suka ɓoye baki a rawani. Shi ma ya kusa dariya, ya haɗiye. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce mu je mu fara gaya wa Majo, kar ya ji a bakin wasu. Nan ya fi mu gaskiya.

Litinin, 21 ga Oktoba, hantsi

Na sa mayafi, na kai bakin masallaci, na dawo gida. Gobe.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Na bi ta ƙofar.

Rumfar tana nan yadda take. Turken da na jingina da shi ran nan, tun hantsi har azahar, kina bayana jikinki kamar garwashi, shi ma yana nan. Sauran ba sai na rubuta ba, ai kina wurin.

Majo ya miƙe tsaye da ya gan ni. Na ba shi kayen. Ya karanta da yatsa, layi-layi. Ya tsaya a farin layin, bai tambaye ni ba.

“Malama Nafissa, abin da ya shigo ta ƙofar nan shi nake rubutawa. Wanda bai shigo ba, ban san shi ba.”

Na ce, “Wanda ya zo ya tarar da kwaɗo fa?”

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya zauna. Ya ce in aka ga wannan, ana iya cewa sakacinsa ne, a ɗauke shi. Na ce ba abin da muke so ba ke nan, kuma da gaske nake. Can ya jawo babban kayensa, ya fara buɗewa daga watan Yuli, yana neman ranakun da babu rubutu. Ran ɗauko allurar rigakafi. Ran taron horo. Kwana uku da zazzaɓi ya kwantar da shi kansa. Ya rubuta su duka a wata takarda da hannunsa: kwana goma sha shida cikin wata uku, ƙofa a rufe.

Da ya zo kan Alhamis 5 ga Satumba, bik ɗinsa ya tsaya.

“Ran nan Dungas na tafi kai rahoton wata,” ya ce. “Rahoton da ke cewa ba wanda ya mutu.”

Ya cire gilashinsa. Ni kuma na sami kaina ina ba shi haƙuri, ni! Har na ce masa ya rame, ya riƙa cin abinci. Ya sa hannu a takardar, ya buga mata hatimi, ya ce mu tafi da ita tare da tamu.

Na dawo ta gaban likita. Ashe an yi sabon teburin mai shayi a wurin, duk ban sani ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da safe

Ina gwada karatu da ƙarfi a bayan rumbu, akuyar Inna ce ƴan taro. In na yi tuntuɓe a harafi sai ta yi kuka. Babanki ya wuce da kwando a kai ya ce, “Madam Sakatare, babbar likita ba ta yarda ba.”

Goma nake karantawa in tsaya.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan magariba

Sai na rubuta tun abin yana sabo.

A amalanken jaki muka tafi Guci, ni da Gwaggo da Inna, wadda ta ce kasuwa za ta, alhali yau ba kasuwa. Maigari da Majo suka bi mu a moto, wato babur. An cika ɗakin taro. Kowane gari aka karanta takardarsa. Da aka zo kanmu aka ce sifiri, har an fara tafi, sai Majo ya miƙe ya ce, “A dakata. Lissafina bai cika ba. Sakataren komitinmu tana da sauran.”

Na tashi. Na ce yara goma sha ɗaya ne suka koma a garinmu daminar nan, duk a gida ko a hanya, biyar daga ciki an kai su an tarar da ƙofa a rufe. Na karanta suna, uwa, rana. Ban ci wa Hudaifa harafi ba. Na kai goma na rufe kayen.

Babban likitan yana bi da bik. Mutum ne mai sanyin murya. Ya ce, “Malama, goma na ƙirga. In babu suna, ba zan iya shigar da na ƙarshen ba. Wane ne?”

Gwaggo ta buɗe baki za ta faɗa a madadina, kamar yadda ake yi. Na dafa hannunta.

Aziza.

Na faɗa. Aziza Mas'udu, shekara biyu da wata huɗu, Alhamis 5 ga Satumba, uwarta Nafissa. Har na babanki na haɗa, wanda shi ma ban taɓa kira ba tun da aka kawo ni gidansa. Na ji matan garinmu sun ja numfashi. Inna ta rufe baki da mayafi.

Ashe haka yake da daɗi a baki. Shekara biyu ina jin sa a bakin mutane.

Likitan ya rubuta. Ya karɓi takardar Majo ya karanta, ya ce masa, “Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, aikin mutum biyu aka ba mutum ɗaya.” Sai wata mata daga garin da ke bayan tafki ta miƙe ta ce su ma sifirinsu irin namu ne. Wata ma ta ce haka. Aka ɗaga hukunci kwana goma, kowane gari ya je ya bi gida-gida. Mata uku suka tare ni a waje suna tambayar yadda ake shiga maganar. Gwaggo ta ce musu, “Ku tafi da yunwa, fura za ta yi muku yawa.”

A hanyar dawowa Inna ta juya mini baya a amalanke har gida.

Alhamis, 31 ga Oktoba, la'asar

Yau na kama zuciyata tana cewa, Allah sa namu ya fi nasu yawa. Astagfirullah. Me nake roƙo haka?

Lahadi, 3 ga Nuwamba, hantsi

Inna tana amsa gaisuwata da “lafiya” kawai. Babanki kuwa, tun da labari ya iske shi, in ya gan ni sai ya ce, “Wa aka ce sunana? Na manta, tuna mini.” Na jefe shi da ludayi.

Kunun yau ya zo daidai. Ban san ko in yi murna ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan azahar

Madam Jamila ta zo da hukunci. Ba mu aka ba ba. Garin bayan tafki sun ƙirga goma sha bakwai. Da na ji, ban ji ƙyashi ba ko kaɗan, uwayen kawai na tuna.

Amma ga abin da aka tsara. Ma'aikaciyar, sunanta Nazifa, can za ta zauna. Duk ran da Majo zai fita, rahoto ne ko taro ko ciwo, sai an kawo ta nan a moto ta karɓi mabuɗi kafin ya tashi. Kuma za a kafa allo a rumfa, mu matan komiti mu riƙa sa alama kullum: a buɗe ko a rufe. Ƙarshen wata allonmu da kayena za su tafi Dungas tare da rahoton Majo. Awon gyaɗa kuma nan gaba a cikin ɗaki za a yi, Majo yana waje.

Baba Maigari ya ce, “Ba yabo, ba ma'aikaciya. Kun ga abin da kuka ja.” Gwaggo ta ce ya rataya hularsa a ƙusar, kar ta yi zaman banza. Daga baya shi da kansa ya ba da katakon allon.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ina tsintar wake a tsakar gida sai Inna ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Ta ɗauki wake tana tsinta, tana zubar da mai kyau tana ajiye mai ƙwari.

“Ke yarinya, kayen nan naki, na bana kaɗai yake ci?”

Na ce na bana ne aka ce.

“To ai akwai fili a baya, na gani.”

Na ɗauko. Ta gyara zama, ta dubi katanga.

“Mutari, shekarar da aka yi ƙyanda, yana rarrafe. Maikano, kwana tara. Sai wata mace, ba a kai ga suna ba, rubuta mace dai.”

Ban taɓa sani ba. Na tabbata babanki ma bai san duka ba. Na rubuta da shuɗin bik, a hankali, ta leƙo tana kallo ko da yake ba ta karatu. Ta sa na nuna mata wane ne Mutari, ta ɗora yatsa a kai.

“Huɗu ne,” ta ce. “Akwai na gabansu, na fari.”

Na riƙe bik ina jira. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa. Sai ta miƙe tana kakkaɓe zane.

“Ni ban iya rashin kunya irin taku ta ƴan lakwal ba. Je ki tambayi Tabawa, ta san sunansa. Ki je yanzu, kafin ta ɗora mai a wuta.”

Na sa takalmi.